Tambayoyi da amsoshi game da Maroko: ƙasar, arzikinta da abin da ke kai baƙi can

Sunan Maroko ya daɗe a bakin Bahaushe, da farko ta hanyar malamai da masu ziyarar Fas, daga baya ta hanyar takin zamani, a 'yan shekarun nan kuma ta hanyar ƙwallon ƙafa, tun da ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 2022. An tattara a nan tambayoyin da aka fi yi game da ita, tare da amsoshinsu.

A ina Maroko take, kuma yaya girmanta?

Maroko tana kusurwar arewa maso yammacin Afirka, a wurin da nahiyar ta kusa taɓa Turai. Larabawa suna kiranta Almagrib, wato mafaɗar rana, domin a da ita ce iyakar duniyar da suka sani ta yamma. Tekun Atlantika ya yi mata iyaka ta yamma, Bahar Rum ta arewa, Aljeriya ta gabas, sannan yankin Yammacin Sahara ta kudu. Tsakaninta da Sifaniya akwai mashigin ruwan Jibralta, wanda faɗinsa a inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba, shi ya sa wanda ya tsaya a gaɓar birnin Tanja ranar da gari ya yi wasai yake iya hango tsaunukan Sifaniya da idonsa. Idan ba a haɗa da Yammacin Sahara ba, faɗin ƙasar ya kai kimanin murabba'in kilomita 446,000, wato kusan rabin Najeriya, kuma ƙidayar da aka yi a 2024 ta nuna cewa mutanenta sun kai miliyan 36.8. Fadar gwamnati tana Rabat, amma birni mafi girma, kuma cibiyar kasuwanci da bankuna, shi ne Kasabalanka, wanda mutanen ƙasar suke kira Darul Baida. Akwai kuma garuruwa biyu a gaɓar arewa, Sabta da Malila, da suke hannun Sifaniya har yau duk da cewa a kan ƙasar Afirka suke.

Shin Maroko ba hamada ba ce kawai?

A'a, kuma wanda ya fahimci wannan amsa ya fahimci rabin sha'anin ƙasar. Duwatsu ne ƙashin bayan Maroko. A arewa akwai tsaunukan Rif da suke kallon Bahar Rum, sannan jerin tsaunukan Atlas guda uku sun ratsa ƙasar a karkace daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. A cikinsu ne dutsen Tubkal yake, mai tsawon mita 4,167, wanda ya fi kowane dutse tsawo a arewacin Afirka, kuma ƙanƙara takan lulluɓe kansa watanni da dama a shekara.

Waɗannan tsaunuka suna tare iskar da take ɗauko laima daga teku, sai ruwan ya zuba a ɓangaren da yake fuskantar gaɓa, ya bar ɗaya ɓangaren a bushe. Saboda haka ƙasar ta kasu biyu. Tsakanin tsaunuka da teku akwai filayen noma masu albarka irin su Garb da Sayis da Dukkala, kuma a nan ne manyan birane da mafi yawan jama'a suke. A bayan tsaunukan kuwa sai ƙasa mai tsakuwa, da kwaruruwan dabino irin su Dara'a da Tafilalt, har a isa rairayin Sahara. Manyan kogunan ƙasar, Sabu da Ummur Rabi'i da Muluya, duk daga Atlas suke fitowa, kuma ƙanƙarar da ta taru a lokacin sanyi ita ce take narkewa a hankali ta ciyar da su har cikin watannin zafi. Wani abin da yakan ba baƙo daga ƙasar Hausa mamaki shi ne lokacin ruwan: daminarsu tana zuwa ne daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da mu muke cikin hunturu da rani, watannin Yuli da Agusta kuwa a wurinsu watannin fari ne da zafi. A garin Ifran, cikin Atlas ta Tsakiya, ƙanƙara tana sauka har ta rufe tituna, alhali a rana guda mai mota zai iya barin can ya kwana a bakin hamada.

Su wane ne mutanen ƙasar, kuma wane harshe suke yi?

Asalin mazauna ƙasar su ne Amazigawa, waɗanda aka fi sani da Barbar, dangin Buzayen da muka sani a Nijar da Mali. Larabawa sun shigo da Musulunci daga ƙarshen ƙarni na 7, kuma auratayya ta shekaru sama da dubu ta cuɗa al'ummomin biyu. Tsarin mulkin 2011 ya amince da Larabci da Tamazight, harshen Amazigawa, a matsayin harsunan hukuma. Sai dai Larabcin da ake yi a kasuwa, wanda suke kira Darija, ya yi nisa da na littafi, domin yana haɗiye wasula kuma cike yake da kalmomin Tamazight da Faransanci da Sifaniyanci. Almajirin da ya ƙware a nahawu zai iya fahimtar huɗuba da labaran rediyo sarai, kuma za a fahimce shi idan ya yi magana, amma hirar direban tasi za ta ba shi wahala a kwanakin farko. Faransanci yana da ƙarfi a harkar kasuwanci da jami'o'i, wanda hakan yake sauƙaƙa wa mutanen Nijar da Kamaru da Chadi zirga-zirga. A fannin addini kuwa Bahaushe ba baƙo ba ne: mazhabar Malikiyya suke bi, kuma da ruwayar Warshu suke karatun Alƙur'ani, kamar yadda aka gada a tsangayunmu.

Wane ne yake mulkin ƙasar?

Sarki ne. Muhammad na Shida ya hau gadon sarauta a 1999 bayan rasuwar mahaifinsa Hassan na Biyu, kuma gidansu na Alawiyyawa yana mulki tun ƙarni na 17. Ƙasar ta shiga hannun Faransa da Sifaniya a 1912, ta sami 'yanci a 1956. Akwai majalisar dokoki da ake zaɓa da kuma shugaban gwamnati, amma sha'anin tsaro da addini da manyan manufofi yana hannun fada, kuma Sarki yana riƙe da laƙabin Amirul Muminina.

Tun da ba ta da man fetur, da me Maroko take rayuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanci a tsaya a kanta. Maroko tana sayo kusan kashi 90 cikin 100 na makamashin da take amfani da shi daga waje, kuma wannan rashi ne ya tilasta mata neman ƙofofin samu da yawa maimakon ta jingina da guda ɗaya.

Ƙofa ta farko ita ce fosfat, ma'adinin da ake haɗa takin zamani da shi. Kimanin kashi 70 cikin 100 na fosfat ɗin da aka tabbatar da shi a duniya yana ƙarƙashin ƙasar da Maroko take iko da ita, kuma kamfanin gwamnati na OCP, wanda aka kafa a 1920, shi ne yake haƙarsa a wurare irin su Khuribga da Bin Jarir da Yusufiyya. A da ɗanyen dutsen ake lodawa a jirgi a sayar, amma an daɗe da juya akalar zuwa sarrafa shi a gida. Tun 2014 wani bututu mai tsawon kilomita 187 yake ɗaukar fosfat da aka dama da ruwa daga Khuribga zuwa masana'antun Jurf Lasfar da suke bakin teku, inda ake mai da shi taki kafin ya bar ƙasar. A ganina wannan shi ne mataki mafi muhimmanci da ƙasar ta ɗauka, domin bambancin kuɗin ɗanyen dutse da na buhun taki yana zama ne a gida, tare da ayyukan yi da ƙwarewar injiniyoyi.

Ƙofa ta biyu ita ce masana'antu, musamman ƙera motoci. Kamfanin Renault ya buɗe babbar masana'anta kusa da Tanja a 2012, wani kamfanin kuma, wanda yanzu ake kira Stellantis, ya buɗe tasa a Kunaitra a 2019, sannan ɗaruruwan ƙananan kamfanoni masu yin wayoyin lantarki da kujeru da gilasai suka kewaye su. A yau motoci da kayansu suna sahun gaba cikin abin da ƙasar take fitarwa, kuma mafi yawansu Turai suke tafiya. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne tashar jiragen ruwa ta Tanger Med da aka buɗe a 2007 a bakin mashigin Jibralta, hanyar da jiragen Asiya da Turai da Amurka suke bi. A 2024 kwantena sama da miliyan 10 suka bi ta wannan tasha, abin da ya sa ta zama ta ɗaya a Afirka da kuma yankin Bahar Rum. Tun Nuwamba 2018 kuma jirgin ƙasa mai suna Alburaƙ, mai gudun kilomita 320 a awa, yake haɗa Tanja da Kasabalanka cikin awa biyu da 'yan mintuna.

Sauran ƙofofin su ne noma da kamun kifi da yawon buɗe ido da kuɗin da 'yan ƙasar mazauna Turai suke aikowa gida. Waɗannan biyun na ƙarshe kowannensu yana kawo sama da dirhami biliyan 100 a shekara. Maroko ce kan gaba a duniya wajen fitar da kifin sadin na gwangwani, kuma wanda ya duba bayan gwangwanin da ake sayarwa a kantunan Kano da Maraɗi sau da yawa zai ga sunanta a rubuce. Don rage sayen makamashi kuma an gina tashar lantarki ta hasken rana mai suna Nur a Warzazat, mai ƙarfin megawat 580, da injinan iska a gaɓar teku.

Yaya matsayin noma, kuma me ya sa ake yawan maganar fari?

Noma bai kai kashi 15 cikin 100 na arzikin ƙasar ba, amma kusan mutum uku cikin goma masu aiki da shi suke ci, don haka shekarar da ruwa ya yi ƙaranci kowa yana ji a jikinsa. Akwai noma iri biyu: na zamani, mai ban ruwa, a kwarin Sus da ke kusa da Agadir, wanda yake tura tumatir da lemo zuwa Turai da Afirka ta Yamma, da kuma noman alkama da sha'ir na ƙaramin manomi wanda ya dogara kacokan da sama. Tun 1967 Sarki Hassan na Biyu ya sa ƙasar a kan hanyar gina madatsun ruwa, kuma sun taimaka ƙwarai, amma madatsa ba ta haifar da ruwan da bai sauka ba.

Daga wajen 2019 ƙasar ta shiga farin da ya ɗauki shekaru a jere. Abin ya kai ga cewa a Fabrairu 2025 Sarki ya roƙi jama'a su haƙura da yanka dabbar layya a wannan shekara, saboda garken ƙasar ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku cikin shekaru tara kuma farashin rago ya fi ƙarfin talaka. Mahaifinsa ya taɓa yin irin wannan kira sau uku, a 1963 da 1981 da 1996. Duk wanda ya san matsayin ragon sallah a gidan Musulmi zai gane nauyin wannan al'amari fiye da yadda kowane alƙaluma za su nuna masa. Gwamnati ta juya zuwa tace ruwan teku, da kuma jan ruwa ta bututu daga kogin Sabu zuwa yankin Rabat da Kasabalanka. Tambayar da masana ƙasar suke ta muhawara a kanta, kuma ina ganin tana da hujja, ita ce ko ya dace ƙasa mai ƙishirwa ta ci gaba da fitar da kankana da tumatir, alhali ruwanta ne take fitarwa a cikinsu.

Shin wannan ci gaba ya kai ga talaka?

Bai kai ko'ina daidai ba. Rashin aikin yi ya kai kimanin kashi 13 cikin 100 a 2024, a tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 kuwa ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Girgizar ƙasar da ta auku a lardin Alhauz ranar 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe mutane kusan 3,000, ta bayyana halin ƙauyukan kan tsauni: gidajen laka, hanyoyin da mota ba ta iya bi, da asibitoci masu nisa, duk a tazarar da ba ta kai tafiyar awa uku daga otal-otal ɗin Marrakesh ba. A ƙarshen Satumba 2025 matasa sun fita zanga-zanga a birane da dama suna neman a gyara asibitoci da makarantu, suna kokawa kan kuɗin da ake zubawa a filayen wasa saboda gasar cin kofin duniya ta 2030, wadda Maroko za ta karɓa tare da Sifaniya da Fotugal. Layin da tsaunuka suka ja tsakanin gaɓa mai ruwa da bayan dutse mai fari har yanzu shi ne, a mafi yawan lokaci, layin da ya raba mai hali da marar hali.

Wace alaƙa ke tsakanin Maroko da ƙasar Hausa?

Alaƙar ta girmi iyakokin yau. Ayarin raƙuma daga Sijilmasa, a kudu maso gabashin Maroko, sun yi ƙarnuka suna ratsa Sahara da gishiri da tufafi da littattafai, suna komawa da zinariya. Matafiyin nan ɗan Tanja, Ibn Baɗɗuɗa, ya isa Takedda, cikin Nijar ta yau, a 1353, kuma ya ambaci Gobir a labarinsa. Jar fatar akuya ta Sakkwato da Kano, wadda ta bi ta arewacin Afirka ta shiga Turai, can an san ta da sunan fatar Maroko. Tarihin yana da ɓangare mai ɗaci ma, domin sojojin Sarkin Maroko ne suka rusa daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, kuma suka tafi da malam Ahmad Baba na Timbuktu zuwa Marrakesh.

A wannan zamani, ziyarar da Sarki Muhammad na Shida ya kai Abuja a Disamba 2016 ta haifar da yarjejeniyar da ta sa fosfat ɗin Maroko yake shiga masana'antun haɗa taki na Najeriya, da kuma shirin bututun iskar gas mai tsawon sama da kilomita 5,000 da zai bi gaɓar Afirka ta Yamma, wanda har yanzu yake matakin shiri. Cibiyar horar da limamai da aka buɗe a Rabat a 2015 tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen yankinmu, har da Najeriya.

Me ya sa Fas take da matsayi na musamman?

Fas ita ce zuciyar ilimin ƙasar. Idrisu na Ɗaya ya fara kafa ta a ƙarshen ƙarni na 8, ɗansa Idrisu na Biyu ya faɗaɗa ta, kuma a 859, kamar yadda tarihi ya kawo, wata baiwar Allah mai suna Faɗimatu Alfihriyya ta gina masallacin Ƙairawiyyin da dukiyar da ta gada, wanda ya zama makarantar da ake lissafawa cikin mafi daɗewa a duniya. Ibn Ajurrum, mai littafin nahawun da kowane ɗalibin zaure ya fara da shi, mutumin Fas ne. A nan kuma Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Mali ta Aljeriya a 1737, ya zauna daga 1798 har rasuwarsa a 1815, kuma zawiyarsa ita ce take jawo dubban masu ziyara daga Senegal da Najeriya da Nijar da Ghana kowace shekara. A lungunan da suke kewaye da ita ba abin mamaki ba ne mutum ya ji ana gaisawa da Hausa.

Tsohon birnin, Fasul Bali, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1981, mota ba ta shiga cikinsa. Lungunansa dubbai ne, wasu ba su wuce faɗin kafaɗa biyu ba, kuma jakuna da alfadarai ne suke dakon kaya, mai kora yana ihun "Balak!" don a ba da hanya. Kowace sana'a da unguwarta: maƙeran tagulla, masaƙa, masassaƙa, da majemar Shuwara, inda har yau ake jiƙa fata a ramukan farar ƙasa da kashin tattabara kafin a rina ta. Warin wurin yana da ƙarfi, shi ya sa ake miƙa wa baƙo reshen na'ana'a ya riƙe a hanci, amma wanda ya taɓa shiga majema a Kano zai tsaya ya kalli aikin da idon wanda ya san wahalarsa.

Ban da Fas, ina kuma baƙi suke zuwa?

A 2024 baƙi miliyan 17.4 suka shiga Maroko, adadin da ya sa ta zarce Masar ta zama ta farko a Afirka a wannan shekara, kuma Marrakesh ce ta fi jan su. Sarakunan daular Murabiɗai ne suka kafa ta wajen 1070, ana kiranta jan birni saboda launin ganuwarta, kuma hasumiyar masallacin Kutubiyya mai tsawon mita 77 ita ce alamar gari. Da yamma dandalin Jami'ul Fana yakan cika da gardawa masu wasa da maciji, da masu ba da labari, da makaɗa, da rumfunan abinci. Mai neman ziyara kuwa zai sami kabarin Alƙali Iyal, mai Ashafa, da na Shehu Jazuli, mai Dala'ilu, duk a cikin garin.

A Kasabalanka akwai masallacin Hassan na Biyu da aka gama a 1993, wani sashensa a kan teku, da hasumiya mai tsawon mita 210. Shafshawan gari ne a cikin Rif da aka shafe gidajensa da shuɗi. Walili, kusa da Miknas, kufai ne na Rumawa. Sawira tana bakin teku, kuma ita ce cibiyar kiɗan Gnawa, wanda asalinsa yake komawa ga bayin da aka kawo daga kudu da Sahara. A Marzuga kuwa akwai tuddan rairayi inda Turawa suke hawan raƙumi su kwana a tanti, abin da wataƙila ba zai burge ɗan Agadas ba kamar yadda ƙanƙarar Atlas za ta burge shi.

Mene ne batun Yammacin Sahara?

Yanki ne da Sifaniya ta janye daga cikinsa bayan 1975. Maroko tana iko da mafi yawansa kuma tana ɗaukarsa lardunanta na kudu, ƙungiyar Polisario mai samun goyon bayan Aljeriya kuma tana neman 'yancinsa. Saboda wannan rikici Maroko ta fice daga ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984, sai a 2017 ta dawo, kuma iyakarta ta ƙasa da Aljeriya a rufe take tun 1994. Magana ce mai zafi a can, kuma ya fi wa baƙo alheri kada ya ja ta a majalisa.

Yaushe ya fi dacewa a je, kuma me ya kamata a sani?

Watannin Maris zuwa Mayu, da Satumba zuwa Nuwamba, sun fi daɗin yanayi. A Yuli da Agusta zafin Fas da Marrakesh yakan wuce digiri 40, a Disamba da Janairu kuwa sanyin dare yana shiga ƙashi, kuma tsofaffin gidaje da yawa ba su da abin ɗumama ɗaki, don haka dattijon da zai je ziyara a wannan lokaci yana buƙatar rigar sanyi mai kauri da safa. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai zuwa Kasabalanka, daga can kuma jirgin ƙasa yana kai mutum Fas ko Marrakesh ko Tanja. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma tun da ƙa'idojin shiga suna canzawa, ya kyautu kowa ya tuntuɓi ofishin jakadanci kafin ya sayi tikiti.

Kuɗinsu dirhami ne, kuma a kasuwannin gargajiya taya kaya al'ada ce, ba a saya a farashin farko. A tsofaffin birane akwai samari da suke bin baƙo da sunan nuna masa hanya, daga baya su nemi kuɗi mai yawa, don haka ya fi kyau a nemi ɗan rakiya mai lasisi ta hannun masauki, a kuma daidaita kuɗin tun kafin a fita. Abinci ba ya ba Musulmi damuwa: akwai ɗajin, wato nama da kayan lambu da aka dafa a hankali a cikin kaskon yumɓu mai murfi kamar malfa, da miyar harira da ake buɗa baki da ita a watan azumi, da shayi mai na'ana'a da ake zubowa daga sama don ya yi kumfa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kuwa kuskus ake ci a gidaje, daga akushi ɗaya, kuma shaguna da yawa a tsohon birni sukan kasance a rufe har la'asar.